Yadda ake daidaita kulorin a tafkin ninkaya mai ruwan gishiri

A Ostareliya da Amurka, gidaje da yawa sun daina zuba kulorin da hannu a tafkin ninkaya. Gishiri suke zubawa, kusan giram 3 a kowace lita, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na gishirin teku ba. Ruwan yakan ratsa wata na'ura mai faya-fayen ƙarfen taitaniyam, lantarki ya wargaza gishirin, kulorin ya fito.

Inda masu gida ke ruɗewa shi ne lambar da ke jikin na'urar. Idan aka sa ta a kashi 50 cikin ɗari, yawancin na'urorin suna aiki ne rabin lokacin da famfo ke juya ruwa. Famfo ya yi awa takwas, kulorin ya samu awa huɗu ke nan. Wanda ya rage awannin famfo don tsimin wuta ya rage kulorin bai sani ba, ba da jimawa ba ruwa ya soma yin kore.

Ana son kulorin ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a lita. Rana na cinye shi, haka ma yawan masu wanka, shi ya sa ake ɗaga lambar lokacin zafi, a sauke ta da sanyi. Gara a ƙara kaɗan, a jira kwana biyu, a sake gwadawa.

Akwai kuma ma'aunin pH, wanda ke yawan hawa a irin wannan tafki. In ya haura 7.8 ƙarfin kulorin na raguwa, farin ɓawon kalsiyam kuma ya daskare a faya-fayen, don haka ake duba su duk wata uku.