Shin Ko Kun San? Askin Kare da Gyaran Gashinsa a Gida

Shin ko kun san cewa karen gida, mai gajeren gashin nan da ke bin mafarauta a duwatsun Kagoro ko yake gadin gonar citta a Kachia, har ya tsufa ya mutu ba ya bukatar aski? Gashinsa in ya kai iyaka sai ya tsaya, ya kaɗe, sabo ya fito. Buroshi sau ɗaya ko biyu a mako ya wadace shi. Zancen kilifa da almakashi baƙin karnuka ne suka shigo da shi gidajen Kafanchan, Zonkwa da Kwoi: Alseshan, wanda Max von Stephanitz ya fara yi wa rajista a Jamus a 1899, da ƙaton Kokeshiyan na duwatsun Jojiya da Armeniya, da ɗan ƙaramin Lasa wanda asalinsa Tibet ne. Dukkansu 'yan ƙasar sanyi ne.

To, a nan ake yin ɓarna. Da zafin Maris ya kankama, sai tausayi ya kama maigida, ya sa a yi wa Alseshan ɗinsa aski tal-kwabo, wai ya sha iska. Shin ko kun san cewa wannan askin ba ya sanyaya kare? Kare ba ya rage zafin jiki ta gumin fata kamar mu. Haki yake yi, ya zaro harshe, sai ɗan gumin da ke fita a tafin ƙafarsa. Zafin jikinsa ma, yana lafiya lau, tsakanin digiri 38 da 39 yake. Alseshan da Kokeshiyan gashi hawa biyu gare su: na sama mai kauri, shi ke tare rana da ƙudaje da ruwa, na ƙasa mai laushi kamar auduga, shi ke riƙe ɗumi. Wanda ya kamata a rage shi ne mataccen na ƙasa, kuma aikin mataji ne, kilifa ba ta da hurumi a ciki. In aka kwashe duka biyun, rana ta ƙona fatar, ƙuda ya samu wurin zama, sannan na ƙasan ya riga na saman fitowa, kare ya yi watanni da jiki faci-faci. Wani gashin nasa ba ya sake komawa yadda yake. Inuwa da ruwan sha mai sanyi sun fi masa askin nan amfani nesa ba kusa ba.

Masu bukatar aski na gaskiya su ne irin su Lasa da Fudul, waɗanda gashinsu ke ta tsawo. Su kam duk mako shida zuwa takwas.

Shin ko kun san cewa taza ake fara yi kafin wanka? Gashin da ya cukurkuɗe, da ya sha ruwa sai ya ƙara ɗaurewa tamau. Ku duba bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya da gindin wutsiya, nan ƙarangiya da kashin yawo suke maƙalewa su tara gashi ya zama dunƙule. A kama gindin dunƙulen da yatsu biyu don kada fatar ta jawu, a riƙa warware shi daga baki ana matsowa ciki sannu a hankali. Wanda ya gagara, a zura mataji tsakaninsa da jiki, a yanke abin da ke saman matajin kaɗai. Dalili kuwa, fatar kare tana ɗagowa ta shige cikin dunƙulen, mai almakashi ba ya ganinta sai ya ji ƙara ya ga jini. Bayan taza sai wanka, a bari ya bushe sarai, sannan aski. Ƙurar hunturu da yashin da ke cikin gashi kuwa nan da nan suke dakusar da bakin kilifa.

Kilifar shagon aski takan sarƙe a jikin kare, domin a rami guda na fatarsa gashi da yawa ke fitowa, mu kuwa ba haka ba. Ta karnuka bakinta lamba-lamba ne, kuma lambar na hawa gashin da take bari na raguwa: lamba 10 kimanin milimita ɗaya da rabi take bari. A bi kwanciyar gashi, daga wuya zuwa wutsiya. Bakin ƙarfen yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintuna, saboda haka a riƙa ɗora shi a bayan hannu. Abin da ya ƙona ku ya riga ya ƙona shi. Mai caji ta fi, don kada a ɗauke wuta kare ya kwana da rabin aski. Kwikwiyo kuma tun yana ƙarami ake kunna masa ita a gefe yana cin abinci, har ƙararta ta daina firgita shi.

Gashin bakinsa a ƙyale masa. Da shi yake jin abin da ke kusa da fuskarsa cikin duhu.

Farce yana da jijiyar jini a ciki. A farin farce ana hango ta ja-ja, a baƙi ba a gani, don haka kaɗan-kaɗan ake datsewa. Karen da ke yawo a kan dutse ƙasa ce ke goge masa, sai dai ɗan farcen nan na gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa, wanda in an manta da shi yakan lanƙwashe ya shige nama.

Shin ko kun san cewa fatar kare ta fi tamu sirantaka? Garin sabulun wanki da ruwan wanke makewayi suna kwashe man da ke jikinta, ta bushe, ya yi ta susa. Shamfun karnuka, wanka kamar sau ɗaya a wata, a ɗauraye sosai, a tsane da tawul, a kiyaye kada ruwa ya shiga kunne.

A ganina babbar ribar taza ita ce abin da hannu ke tsinta. Daminar kudancin Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma kaska na murna da ita. Tana ɓuya cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa da wuya. Ja-jar nan ta karnuka a tsagar bango da ɗakin kare take zama, mace guda ta zuba ƙwai dubbai, shi ya sa wanda ya cire ta jikin kare ya bar ta bango bai yi komai ba. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a miƙe ba murɗawa, a jefa cikin kananzir. Tana ɗauke da cutar da ke fasa ƙwayoyin jini: in dasashin kare ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, ya ƙi abinci, sai likitan dabbobi ba jira.

Akwai kuma ƙudan da ake kira tumbu, wasu su ce ƙudan mangwaro. Yana zuba ƙwai a inuwa, a ƙasar da aka yi wa fitsari ko a danshin tsumma. Tsutsar ta huda fata ta zauna, ta girma cikin kwana takwas zuwa 12. Za ku ji kumburi kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, galibi a fatar cikin kwikwiyo ko ƙafafunsa. A toshe ramin da basilin, iska ta yanke mata, ta leƙo, a matso ta ɗungum, a wanke wurin. Shi dai ƙudan nan ne ke sa ake cewa a goge kayan yara bayan shanya.

Baƙin mai da wasu ke shafa wa kare mai ƙazwa, da fiya-fiya ko maganin feshin gona da ake yi masa wanka da shi, guba ne. Yana lashewa, fatar ma tana zuƙa, kuma hannun mai shafawar bai tsira ba. Maganin ƙazwa yana wurin likita.

Shin ko kun san cewa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare? Mai gyaran gashi yatsunsa kullum kusa da haƙori suke, kuma kare mafi haƙuri ma yana iya kai cizo in an taɓa masa ciwo, don haka takunkumi da safar hannu ba abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kuma ranar 28 ga Satumba aka ware don yaƙi da ita. Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar.