Jami'o'i masu baƙin ɗalibai: dalilin da gwamnati ke sa ido

A Tagiris, cikin gundumar Dakwaro, in yaro ya ci jarrabawar bakaloreya, uba kan kai raguna ko buhunan hatsi kasuwa domin ya tura shi karatu Maraɗi. A can yana iya zama aji ɗaya da ƴan Katsina da Kano. Ban da jami'ar gwamnati ta Dan Dicko Dankoulodo, garin yana da masu zaman kansu, kamar jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013, wadda ɗalibanta da dama daga Nijeriya suka fito.

Karɓar baƙi ba sabon abu ba ne a Nijar. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda aka yanke shawarar gina ta a taron Lahor na 1974, ta buɗe ƙofa a 1986 domin ƴaƴan ƙasashen Afirka da dama. Amma baƙo ba don ya zauna ya zo ba. Takardar shaida zai kai gida, kuma darajarta tana rataye ga binciken hukuma.

Shi ya sa makaranta mai zaman kanta sai ta nemi izini biyu daga gwamnati: na kafawa da na buɗewa. Bayan haka akwai hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Ita ke auna takardun shaida domin ƙasashe membobinta su amince da su. Nijeriya ba ta ciki, saboda haka ɗanta in ya koma, sai ma'aikatar ilimin ƙasarsa ta sake tantance takardarsa.

Mun ga abin da sakaci ke jawowa. A ƙarshen 2023, wani ɗan jaridar Nijeriya ya bayyana yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida. A watan Janairu na 2024, Nijeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo baki ɗaya, har da na waɗanda suka yi karatun gaskiya. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Ya ku iyaye, in irin wannan ta faɗa wa makarantar da ɗanku yake, tasa takardar ma za ta rasa daraja. Kafin a sayar da rago, a nemi ganin takardun izini, a kuma tambaya ko CAMES ta amince da fannin da yaro ya zaɓa.