Ƙarfen rutiniyam da neman sabon maganin cutar daji

Fiye da shekaru talatin ke nan masana kimiyya a Turai da Amurka ta Arewa na ƙoƙarin samar da maganin cutar daji daga wani ƙarfe da ba kasafai ake jin sunansa ba, wato rutiniyam.

Wani masani mai suna Karl Claus ne ya gano ƙarfen a 1844 a birnin Kazan na Rasha. Dangin filatinam ne, kuma akasarinsa daga ma'adinan Afirka ta Kudu yake fitowa, inda ake samunsa a matsayin rarar aikin haƙar filatinam.

Wannan dangantaka ita ce mafarin zancen.

A 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka yana gwada tasirin wutar lantarki a kan ƙwayoyin bakteriya, sai ya ga sun daina rabuwa. Da aka bi diddigi, ashe ba lantarkin ba ne: wani sinadari ne da ke narkewa daga sandunan filatinam ɗin da yake aiki da su.

Sinadarin shi ne ya zama maganin sisfilatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978. Ya mayar da sankarar maraina daga cuta mai kisa zuwa wadda ake warkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita, kuma har yau da shi ake haɗa gashin sankarar bakin mahaifa, ciki har da asibitocin koyarwa na Najeriya.

To amma yana zuwa da wahala. Yana iya lalata ƙoda, ya taɓa ji, ya jawo amai mai tsanani, kuma a wasu majinyata cutar kan saba da shi ta daina jin magani.

Abin da ake fata

Masu bincike sun lura cewa rutiniyam na da wasu halaye irin na sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin ɗan Adam, saboda haka furotin ɗin da ke dakon sinadarai a jini na iya ɗaukarsa. Da yake ƙwayoyin cutar daji na da haɗamar abinci fiye da lafiyayyu, an yi tsammanin kaso mai yawa zai sauka a wurinsu.

Akwai kuma hasashen cewa wasu magungunan na zama lakwas a cikin jini, sai sun shiga cikin ƙari, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, sannan su farka su fara aiki. Bayani ne mai daɗin ji, ko da yake masana na ci gaba da jayayya a kan yadda yake faruwa a jikin mutum.

Na farko da aka gwada a kan mutane shi ne NAMI-A, wanda aka haɗa a Jami'ar Trieste ta Italiya, aka kuma soma gwajinsa a Amsterdam a 1999. A jikin ɓeraye bai cika rage girman ƙari ba, amma ya hana cutar bazuwa zuwa huhu, kuma bazuwar ce ke kashe mafi yawan masu cutar daji.

A jikin mutane labarin ya sha bamban. Da aka ƙara yawansa, sai wasu majinyata suka yi bororo mai zafi a hannu da ƙafa. Sakamakon gwajin da aka yi wa masu sankarar huhu, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna amfaninsa bai kai a ci gaba da shi ba.

Na biyu, KP1019 na Farfesa Bernhard Keppler na Jami'ar Vienna, ya gamu da cikas saboda ba ya narkewa sosai a ruwa. An sake masa tsari, kuma wani kamfanin Kanada, Bold Therapeutics, ya ɗauke shi da sunan BOLD-100 ya shiga gwada shi tare da tsofaffin magunguna a kan sankarar hanji da ta ciki.

Magani da haske

Wanda ya fi jan hankali shi ne TLD-1433, ƙirƙirar Farfesa Sherri McFarland, wanda kamfanin Theralase na Toronto ya kai matakin gwaji na biyu a 2019.

Ba a jini ake zuba shi ba. Ta bututu ake ɗura shi cikin mafitsarar mai sankara, a bar shi kimanin sa'a guda, a wanke, sannan a zura siririn zare mai ba da koren haske. Hasken na sa maganin ya mayar da oksijin da ke kusa da shi guba, wadda ke kashe ƙwayoyin da suka sha maganin. Inda haske bai kai ba, babu abin da ke faruwa.

An tsara shi ne don masu sankarar da ke saman fatar mafitsara waɗanda maganin da aka saba bai yi musu aiki ba, waɗanda zaɓin da ya rage musu sau da yawa shi ne a cire mafitsarar ɗungurungum.

Sai dai a nan akwai abin lura ga Afirka. A yankunan da ake fama da tsargiya, sankarar mafitsarar da ake yawan gani wani nau'i ne na daban, kuma galibi sai ta ci cikin tsoka ake zuwa asibiti. Haske ba ya ratsa nama da nisa.

Ƙananan ƙunsuna

Matsalar narkewa da ta isar da magani inda ake so ita ta kai masana ga fasahar nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000.

Dabarar ita ce a ƙunshe maganin cikin ɗan ƙwanso na kitse ko na furotin ko na zinari. Jijiyoyin jinin da ƙari ke yi wa kansa cikin gaggawa suna da ɓuli, kamar yadda masanan Japan Hiroshi Maeda da Yasuhiro Matsumura suka bayyana a 1986, don haka ƙunsunan kan zurara ta nan su taru.

Dabarar ba mafarki ba ce, domin tun 1995 aka amince da Doxil, wani maganin daji da aka ƙunshe haka. Amma wani nazari da Warren Chan na Jami'ar Toronto ya jagoranta a 2016 ya sanyaya gwiwar mutane da dama: a gwaje-gwajen ɓeraye na shekaru goma, matsakaicin abin da ya isa cikin ƙari kashi 0.7 ne kacal cikin 100 na abin da aka yi allurarsa. Hanta da saifa ne ke tare kaso mai yawa.

Ƙunsunan rutiniyam kuwa akasarinsu ba su wuce kwalaben ɗakin gwaji da jikin ɓeraye ba, kuma zuwa ƙarshen 2024 babu maganin rutiniyam ko ɗaya da hukumomin Amurka ko Turai suka amince da shi.

Inda ƙarfen ya daɗe da shiga asibiti shi ne sashen ido. Tun shekarun 1960 likitan Jamus ta Gabas Peter Lommatzsch ya soma ɗinka wani ɗan faifai mai ɗauke da nau'in rutiniyam-106 mai fitar da tururin nukiliya a bayan ƙwayar ido, a bar shi 'yan kwanaki ya ƙone ƙarin, sannan a cire. Ana amfani da shi har yanzu, kuma ya sa majinyata da yawa sun tsira da idon da a da sai dai a ƙwaƙule.