Firijin Ɗakin Shan Magani Ya Fi Ƙarfin Kuɗinsa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa ƙasar Bichi da Tsanyawa da Kunci, ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona. A irin wannan wuri, in kaka ta wuce, iska ta bushe, zafin bazara ya kunno kai, babu abin da magidanci ke fargaba kamar ciwon sanƙarau, domin cuta ce mai saurin bin mutane inda suka yi yawa.

Manya ba su manta da shekarar 1996 ba. A wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, Kano kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Allurar da ake da ita a lokacin ƙarfinta ba ya daɗewa a jiki, ba ta kuma tsare jarirai sosai, ga shi sai annoba ta ɓarke ake rugawa nemanta.

Cikin 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka shiga neman sabuwar allura, da gudummawar dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Abin da mahukuntan ƙasashen Afirka suka nace a kai tun farko shi ne farashi, watau kada allurar ta fi ƙarfin aljihunsu. Wani kamfanin ƙasar Indiya, Serum Institute, ya yarda ya yi ta a kan abin da bai kai rabin dala ba kowace ɗaya. Aka sa mata suna MenAfriVac, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, ta iso Nijeriya a 2011. Daga nan sanƙarau irin na A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa ƙaf.

To, amma allura komai kyawunta ba ta kai kanta ƙauye. Yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali zafin watan Afrilu a nan yakan kai digiri 40. A da firiji mai kananzir ake ajiyewa a ɗakin shan magani. Ran da mai ya ƙare ko lagwani ya lalace, magani ya tashi aiki ba wanda ya sani. Yanzu akwai firiji mai aiki da hasken rana, wanda ba ya bukatar batir, sai ya tara ƙanƙara da rana ta riƙe sanyi har gari ya waye. Akwai kuma ɗan tambarin da ake manna wa kwalba, wanda ke yin duhu in zafi ya ɓata maganin, malamin asibiti ya gani ya zubar. An fara sa shi a maganin shan-inna tun 1996.

Ba wanda zai ce manyan na'urori ba su da amfani. Injin wankin ƙoda da na'urar hoton cikin jiki da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna ceton rayuka. Sai dai kuɗinsu ba ya ƙarewa ranar saye: suna neman wutar da ba ta yankewa, da kayan gyara daga ƙasashen waje, da gwanin da zai sarrafa su. Manomin Makoɗa kuwa kafin ya kai gare su sai ya biya mota, ya bar gona, wani lokaci ya sayar da akuya. Kuɗin irin wannan na'ura guda ya isa a sayi firiji da dama, kowane yana tsare yaran gunduma sukutum.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, watau amincewar jama'a. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara wajen 200 a Kano cikin 1996 ya bar tabo, yana kuma cikin abin da ake ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki sannan al'amura suka daidaita, har a 2020 aka tabbatar ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙare a Afirka.

Aiki bai ƙare ba. A 2017 sanƙarau irin na C ya yi ta'adi a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allura mai tare iri biyar. Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomi, duk sa'ad da suka sayi na'ura, su ware kuɗin gyaranta, su horar da mai lura da ita. Dagatai da masu unguwanni su riƙa leƙa ɗakin shan magani suna tambaya ko firiji yana aiki. Iyaye kuma su kai yara tun kafin bazara. Allah ya tsare mu da annoba, amin.