Rumfar Cikin Waya: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Ci Moriyarta a Guider

Hausawa na cewa idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A da, mai sayar da gyaɗa ko albasa a Guider, babban garin Mayo-Louti, sai ya jira mai saye ya tako har rumfarsa. A yau kuwa, uwargida na iya tallata turaren wuta ko atamfa daga tsakar gidanta, saƙon ya isa Figuil da Garwa da Marwa cikin ƙiftawar ido. To amma buɗe wannan rumfa ba wuya, riƙe ta shi ne aiki, kuma babban jarinta amana.

Abu na farko, a raba wayar ciniki da ta zumunci. Tun shekarar 2018 aka fito da WhatsApp Business, inda mai sana'a zai rubuta sunan shagonsa da unguwarsa da lokacin buɗewa. A 2019 aka ƙara masa wurin jera hotunan kaya tare da farashinsu. Shi kuwa hoton da ake ɗorawa a Status, awa 24 yake yi ya ɓace, don haka hoto uku masu kyau kullum sun fi talatin a tashi ɗaya. Haka nan saƙon da ake aika wa jama'a gaba ɗaya bai wuce mutum 256, kuma sai wanda ya adana lambarka zai same shi. Ashe ke nan roƙon abokin ciniki ya adana lamba shi ne mafarin talla.

Na biyu, harshe. Kasuwar wannan yanki da Fulatanci da Hausa da Faransanci take ci, kuma ba kowa ke karatun boko ba. Gajeren saƙon murya cikin harshen mai saye ya fi dogon rubutu shiga zuciya.

Na uku, gani ya kori ji. A ɗauki hoton ainihin kayan da ke hannu da hasken rana, kada a aro na wani daga intanet. A faɗi farashi da sefa, a faɗi kuɗin mota, in akwai aibi a bayyana shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a garin da kowa ya san kowa. Hukuma ma ba ta bar fagen haka kawai ba: Kamaru ta kafa dokar ciniki ta intanet a watan Disamba na 2010, da dokar kare haƙƙin mai saye a 2011.

Na huɗu, kuɗi. Orange Money da MTN Mobile Money sun sauƙaƙa biya, amma 'yan damfara kan aiko da saƙon ƙarya mai kama da shaidar biya. Kada kaya su fita sai an duba asusu an ga kuɗi sun shiga, kuma lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Kada kuma a ɗora hoton abokiyar ciniki ko lambarta ba da izininta ba.

Ya kai mai karatu, wanda ya sayi nagari a hannunka sau ɗaya, shi zai kai lambarka gidan biki da gidan suna ba tare da ka biya ko dala ba. Allah Ya sa wa nema albarka.