Ƙanƙanuwar halittar da ta taimaka wajen gano abin da ya hallaka dinoso

A kwazazzabin Bottaccione da ke kusa da garin Gubbio a ƙasar Italiya, akwai wani siririn layin yumɓu mai kaurin kimanin santimita 1, wanda ya raba shimfiɗu biyu na dutsen farar ƙasa. Dutsen da ke ƙarƙashinsa cike yake da kwanson wasu halittun teku da ake kira foraminifera, ciki har da dangin Globotruncana, waɗanda ake iya gani da ƙaramin madubin hannu. A saman layin kuwa sun ɓace ƙurmus, sai wasu 'yan mitsi-mitsi da suka maye gurbinsu.

Foraminifera halittu ne masu ƙwayar halitta guda ɗaya tak. Wasu suna zaune a ƙasan teku, wasu kuma suna yawo a saman ruwa, igiya na kai su inda ta ga dama. Masu yawon su ne suka fi amfani ga masana, domin jinsi ɗaya yakan bazu a tekuna da dama cikin lokaci guda, sannan ya shuɗe. Duk inda aka tsinci kwansonsa, an san zamanin da dutsen ya samu.

A 1964, masana biyu, Hanspeter Luterbacher da Isabella Premoli Silva, suka bayyana ɗaya daga cikin waɗannan 'yan mitsi-mitsi daga duwatsun yankin Umbriya. Suka raɗa masa suna Globigerina eugubina, daga tsohon sunan Gubbio a harshen Latin. Faɗinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya bisa goma na milimita ba.

Raɗa irin wannan suna aiki ne na haƙuri. Ana jiƙa samfurin dutse har ya farfashe, a wanke shi a rariya mai ƙananan idanu, a busar, sannan a tsinci kwanson ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen burushi a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu. Idan dutsen ya yi tauri, sai a yanka shi siriri har haske ya ratsa. Daga nan a ƙirga ɗakunan da ke cikin kwanson, a duba yadda suka naɗe, da siffar ƙofarsa, da yanayin bangonsa. Idan an tabbatar bai yi daidai da wani sanannen jinsi ba, sai a ware guda ɗaya ya zama ma'auni, a adana shi domin duk mai ja ya je ya duba.

Sunan ma bai tsaya nan ba. A 1978, masani Jan Hofker ya ƙirƙiro masa sabon dangi, inda ya koma Parvularugoglobigerina eugubina, sunan da ake amfani da shi a yau. Bangonsa mai ƙananan huji ƙwarai ya bambanta da na ainihin Globigerina.

Premoli Silva ce ta nuna wa masanin duwatsu Walter Alvarez yadda ake gane wannan iyaka a Gubbio. Shi da mahaifinsa Luis Alvarez da abokan aikinsu Frank Asaro da Helen Michel suka auna yumɓun, suka sami sinadarin iridiyom ya ninka yadda aka saba kusan sau 30. A 1980 suka sanar cewa wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ne ya faɗo duniya. An danganta lamarin da ramin Chicxulub na ƙasar Meziko a 1991, kuma yanzu ana ƙiyasta cewa ya faru shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso suka ƙare. Ba don an fara tantance waɗannan kwansuna daidai ba, da ba a san inda za a auna ba.

Ilimin bai yi nisa da Nijeriya ba. Kamfanonin mai a Neja Delta suna dogaro da foraminifera da ke fitowa cikin ɓurɓushin dutse yayin haƙar rijiya domin sanin shimfiɗar da suka kai. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato shi ma yana ɗauke da kwanson foraminifera, shaidar tekun da ya taɓa ratsa Sahara. Idan mai bincike ya kuskure sunan kwanso, ya kuskure shekarun dutsen ke nan, kuma a aikin haƙar mai, irin wannan kuskure kuɗi ne masu yawa.