Shiri Mai Dogon Zango da Megar da Yake Lashewa

A tashar motar Birnin Konni, ko a rumfar 'yan albasa a Galmi, ko ranar kasuwar Badagishiri, ba wuya a tarar da samari sun haɗa kai a kan salula guda suna kallon shirin Izzar So ko Labarina. Tsakanin Konni da Illelar Sakkwato 'yan kilomitoci ne kawai. Ko lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, kayan 'yan kasuwa ne suka maƙale, fim kam bai fasa tsallakowa ba.

Masu dandalin kallo sun daɗe da gane cewa ba sunan kamfani ke riƙe mai kallo ba, shirin da ba ya samuwa sai a wurinsu ne. Da wannan dabara Netflix ta Amurka ta fito da House of Cards a 2013. A ƙasar Hausa, tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kama zukatan mutane da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020 sai ga Izzar So na Lawan Ahmad a tashar Bakori TV ta YouTube, ga kuma Labarina na Aminu Saira. Dandalin Northflix da na Kallo.ng su kuma sun zo da tsarin sai an biya a shiga.

Ba laifi ba ne mai sana'a ya so riƙe abokin cinikinsa, kuma waɗannan shirye-shirye sun ciyar da 'yan wasa da dama bayan kasuwar faifai ta mutu. Sai dai mai kallo ya san cewa yanke labari daidai inda ya ɗau zafi ba kuskure ba ne, lissafi ne. Haka ma yadda YouTube ke cilla wani bidiyo da kansa da zarar na farko ya ƙare. Tashar da ta ɗora shirin tana samun kuɗin talla gwargwadon masu kallo, shi kuwa ɗan Malbaza yana biya da megar Airtel, Moov ko Zamani. Jika guda yau, jika guda jibi, ba a jin zafinta sai an haɗa lissafin wata.

Talla ma ta sauya kama. Wani lokaci cikin labarin ake saƙa ta: jarumar da ake so ce za ta ɗauko man shafawa ko maganin gargajiya ta yaba, mai kallo ya ɗauka shaida ce, alhali biyan ta aka yi.

Mafi muni su ne tashoshin bogi. Sukan ɗora hoton jarumi da lambar fitowar da ba a ma saki ba, a buɗe a tarar da tsohon fim, mega ta tafi a banza. Wasu kuma a WhatsApp suke turo adireshin da ke neman lambar sirri ta asusun salula, wai kafin a ga ci gaban shiri.

Don kauce wa asara, a duba sunan tashar da ta mallaki shirin kafin a taɓa. A rage ingancin hoto zuwa 360p ko 240p, wanda a fuskar ƙaramar salula ya wadatar. A kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba. Wanda ya yi rajista a dandalin biya kuwa ya bincika ko kuɗin na sabunta kansa duk wata, domin shirin da ya ja shi kan ƙare, cirar kuɗin ta ci gaba.